Yadda Doña Chencha Ta Kira Kurwar Melitón

Katanga ɗaya ce ta raba gidana da na Doña Chencha, saboda haka shekaru da yawa ban bukaci agogo ba. Da zarar na ji tafin hannuwanta a kan ƙullun masara, na san gari ya waye. Sunanta na baftisma Crescencia, amma a San Isidro, ƙauyenmu da ke lafe a duwatsun Oaxaca na ƙasar Meziko, ba mai kiranta da shi in ba Fada, limamin cocinmu, ba.

Wainar masara take toyawa ta sayar a ƙofar gida. Da wannan sana'a ta riƙe kanta tun rasuwar mijinta, da ita kuma ta yi wa 'ya'yanta karatu har suka watsu a birane. Sai dai ba abin da take yi gaba gaɗi yadda mu muke yi. Wainar farko ta wuta ce: takan yayyaga ta, ta jefa cikin murhu, ta ce, "Ga naki, ki bar mini nawa." Ba ta zura guga sai ta gai da rijiya. Idan ƙwayar masara ta faɗi, takan durƙusa da tsufanta ta tsince ta, ta hure mata ƙura, ta ba ta haƙuri. A bayan ƙyaurenta kullum akwai kofin ruwa da reshen ɗoɗɗoya, kuma idan baƙo ya shigo da baƙin ciki ya fita, takan zubar da ruwan a gindin lemo ta sake wani. Wayar da babban ɗanta ya aiko mata a cikin kwandon masara take kwana, wai don muryoyin da suka shige ta da rana su huce. Duk da haka, ranar Lahadi tana sahun gaba a coci, muryarta ta fi ta kowa tashi. Fada ya san komai, ya kuma san daga kaskon wa abin karin kumallonsa yake fitowa, don haka bai taɓa ta da maganar ba.

Wurin kakarta ta gaji wannan sani, tare da ungozomanci. Rabin mazan ƙauyen nan a hannunta suka faɗo, ta san inda aka binne cibiyar kowannensu. Masu jin haushinta kan ce mata mayya. Na taɓa jin wani mashayi ya faɗa mata haka a gaban idonta. Ko kallonsa ba ta yi ba, ta ci gaba da juya wainarta.

"Mayya kama kurwa take yi, ɗan nan," in ji ta. "Ni kuwa tsinto ta nake yi in kai wa mai ita. Taka ma kullum ina ganinta a ƙofar shagon giya, tana jiran ka zo ka ɗauke ta."

Da gaskiyarta, domin kiran kurwa shi ne babban aikinta. Wanda ya yi mummunar razana, kurwarsa kan faɗi a wurin ta tsaya can, shi kuwa ya koma gida fanko, ya daina ci, ya daina barci, ya yi ta ramewa har ya mutu in ba a tashi tsaye ba. Doña Chencha takan ɗauki rigarsa ta je daidai inda abin ya faru da tsakar rana, ta ba ƙasar wurin abinci, ta doke ta da reshe, ta kira sunansa, sannan ta jawo rigar a ƙasa har gida ba waiwaye. Ta kira kurwar yaran da suka faɗa rafi, ta kira ta direban da motarsa ta kife a kwana. Sharaɗin ɗaya ne tak: sai an je wurin.

Wannan sharaɗi ne ya kusa kashe Melitón.

Melitón magini ne, ƙato mai yawan raha. Shi da ƙanensa Fidencio suka tafi arewa neman aiki, suka bi masu tsallakar da mutane ta hamada zuwa Amurka. Melitón kaɗai ya dawo. Masu tsaron iyaka ne suka tsince shi a kwance, harshe a kumbure, suka yi jinyarsa suka maido shi. Abin da ya iya faɗa kaɗan ne. Fidencio ya kasa tafiya, ayari ya wuce ya bar su, sai ya kwantar da shi a inuwar wata ƙaya ya tafi nemo masa ruwa. Da ya juyo, duk ƙayoyin hamada suka zama iri ɗaya. Daga wannan bayani bai ƙara buɗe baki ba. Yakan zauna a kan dakali tun safe har faɗuwar rana, idanu a buɗe, ba ya ganin kowa. Likita ya duba shi, ya ba shi magani, ya yi iya yinsa, amma mutumin da a da yake saɓa buhun siminti yana waƙa ya koma ana ƙirga haƙarƙarinsa ta cikin riga.

Wata safiya ina sayen waina, sai ga matarsa Otilia, ko mayafi ba ta tsaya yafawa ba.

"Inna Chencha, jiya ko ruwa sai da na ɗura masa da cokali. Ki taimake ni. Ke fa kika karɓi haihuwarsa."

"Ni na karɓa, ya kuma zo yana tsala ihu kamar an taka masa wutsiya. Yana shan maganin likita?"

"Ina ba shi."

"Ci gaba da ba shi. Jikin na likita ne, kada ki haɗa mu faɗa. Sauran kuwa..." Ta manta da wainar da ke kan kasko har ta soma ƙauri, abin da ban taɓa gani ba. "'Yar nan, a ina zan kira shi? Ƙafata ba ta kai hamada. Ko ta kai, shi kansa bai san wurin ba."

"Wato in zuba ido ya mutu ke nan?"

Doña Chencha ta ɗauke ƙonanniyar wainar daga kan kasko ta jefa cikin murhu.

A kwanakin da suka biyo baya tafin hannunta ya sauya. Ina ji ta katanga: ta tafa, ta tsaya, ta jima, sannan ta ci gaba. Ta gwada duk abin da ta sani. Ta kira shi a tasha inda mota ta sauke shi, ta kira shi a mararrabar da hanyar arewa ta fita. Har wani ɗan ƙauyenmu da ke zaune a can ya tuƙa mota zuwa bakin hamada, ya ɗaga wayarsa sama, ita kuma ta yi ta kwala kira ta cikin tata. Da ta gama sai ta dube ni, ta girgiza kai.

"Banza ce, Malam. Kamar ka tsaya a ƙofar birni ne ka kira mutum, ba ka ko san unguwarsu ba."

Ran nan da hantsi ta leƙo ta kan katanga, hannu duk ƙullu.

"Malam, ara mini kafaɗarka, hawan gidan Melitón ya fi ƙarfin gwiwata. Ai ba abin da kake yi, tun da ka yi ritaya sai kaji kake koya wa karatu."

"Me ya faru, Doña?"

"Tsakuwa ce ta shige mini takalmi a bakin rijiya, ta biyo ni har murhu. Ka ji wautar tsufa! Sai yau na tuna ƙasa ma tana bin mutum gida."

Muna isa ta tambayi Otilia kayan da mijinta ya dawo da su a jikinsa.

"Na wanke su tas, Inna. Jakar kuwa na ƙone ta, don kada masifar ta kwana a gidana."

"Sannu da aiki! Ke da tsabtarki sai kin wanke mijinki har kabari. Takalman fa?"

Otilia ta kama baki. "Na wurga su kan rufi. Ban iya kallonsu ba."

Allah ya taimaka rani ne, ko ɗigon ruwa bai taɓa su ba. Aka aro tsani, na hau da tsofaffin ƙafafuna na sauko da su. Kambas ne da suka ga wuya, tafin ya tsage, igiyar ta tsinke an ɗaure. Doña Chencha ta shimfiɗa farin ƙyalle, ta zare shimfiɗar cikin kowanne, ta kifa shi, ta yi ta bubbuga shi a hankali. Rairayi ya zubo, mai laushi, ja-ja, wanda bai yi kama da baƙar ƙasarmu ba ko kaɗan. Duka bai cika tafin hannu ba.

Da rana ta take tsaka, muka kamo Melitón muka zaunar da shi a gindin gwabar tsakar gida, inda ita da kanta ta binne cibiyarsa. Ta ajiye ƙyallen a gabansa, ta shimfiɗa rigarsa a gefe, ta kunna turaren ƙaro. Ta jera waina da wake da kofin ruwa, sannan ta durƙusa ta yi wa rairayin magana cikin ladabi, yadda ake yi wa babbar baƙuwa.

"Sannu da zuwa, ƙasar nesa. Ban san ki ba, ba ki san ni ba. Kin sha hanya. Ga abinci, ki ci. Akwai ɗana a hannunki, shi na zo karɓa."

Ta ɗauki reshen ɗoɗɗoya ta doki ƙasa.

"Melitón! Taso, ɗana, nan ba gidanku ba ne. Melitón! Taso, ga matarka, ga 'ya'yanka."

Ta kira, ta sake kira, har muryarta ta dushe. Melitón na zaune kamar kututture. Otilia ta fara kuka ƙasa-ƙasa. Sai tsohuwar ta miƙa hannu ta dafa rairayin, nan take ta fizge shi kamar ta taɓa kasko. Ta dube ni, ta kama yatsuna ta ɗora. A inuwa muke, iskar duwatsu mai sanyi tana kaɗawa, rairayin nan kuma ya daɗe da barin rana. Amma zafi ne da shi, zafi mai cizo, har na ji shi a ƙashina. Na koyar da yara abin da ke sa ƙasa ta ɗauki zafi da abin da ke sa ta huce, ban kuwa da abin cewa a kan wannan. Abin da na taɓa kawai nake faɗa.

"Melitón yana jina," in ji ta a hankali. "Ba ɓata ya yi ba, ƙin tasowa ya yi. Yana can zaune kusa da ƙanensa. Ya ce masa zai kawo ruwa, ina zai taso bai kawo ba?"

Ta ɗauki kofin ruwan ta sa a hannuwan Melitón, ta rufe su da nata.

"Wannan ba aikina ba ne, naka ne. Kai ka yi alkawari. Ga ƙanenka nan, ga ruwa. Ba shi."

Ta sake shi. Muka tsaya, ba mai motsi. Kaji sun yi tsit, hayaƙin turaren ya miƙe sama sak kamar zare. Can sai kofin ya karkata. Ruwan ya sauka a kan rairayin, na kuma ji da kunnena ya yi cuu, wani ɗan tururi ya tashi. Rairayin ya shanye shi duka.

"Fidencio," in ji Melitón, da wata murya kamar ta tsohon ƙyaure. "Ga shi. Na kawo."

Kukan da ya biyo baya ba irin wanda ake rarrashi ba ne, ba kuwa wanda ya yi yunƙurin rarrashinsa. Doña Chencha ta jira ya lafa, sannan ta sunkuya kan ƙyallen.

"Ka sha, ɗan auta? Madalla. To, saki yayanka, yana da masu jiransa."

Ta kama wuyan rigar ta fara ja. Tsakanin rairayin da Melitón bai wuce a miƙa hannu ba, amma sai ta zagaya gidan da ita, tana takawa a hankali, tana haki, tana cewa, "Biyo ni, kada ka waiwaya, saura kaɗan," kamar mai jagorar wanda ya yi doguwar tafiya. Da ta iso gare shi gumi ya jiƙe ta sharkaf. Ta zura masa rigar, ta guntsi barasa ta fesa masa a ƙeya. Ya zabura, ya ja dogon numfashi. Ya dubi gwabar, ya dubi rufin gidansa, ya dube ni, sannan idonsa ya tsaya a kan matarsa, ya daɗe.

"Otilia, kin rame."

"Ji mai magana!" in ji ta, tana dariya tana share hawaye da bayan hannu. "Ka ga kanka kuwa?"

Ya ce yana jin yunwa. Otilia ta zabura za ta juye masa tukunyar wake gaba ɗaya, tsohuwar ta tare ta da reshe.

"Romo tukuna, sarkin gaggawa. Yanzu ya iso, kada ki kore shi da ciwon ciki."

Ta naɗe jiƙaƙƙen rairayin a cikin ƙyallen, ta ƙulle, ta miƙa wa Melitón da hannu biyu. Ta ce wannan ba shara ba ce, a kai shi makabarta kusa da kabarin mahaifiyarsu. Haka aka yi, ƙauyen duka ya raka. Da ƙarfinsa ya dawo, aikin farko da Melitón ya kama shi ne ginin kabarin. Shi ne mafi ƙanƙanta a makabartarmu, babu kuma wanda ya kai shi kyan shafe. Raharsa ba ta dawo duka ba, amma yana ci, yana aiki, ya kuma aurar da babbar 'yarsa bara.

Labari ya kai ƙauyukan bayan dutse. Yanzu in ka bi ta ƙofar Doña Chencha, sau da yawa za ka ga wata mace a tsaye da tsofaffin takalma a cikin leda, ta rungume su a ƙirji, tana jiran a gama tuya.