Ankon Tsoffin Zannuwa

A Kakuri na tashi, a wani gidan haya mai ɗakuna jere suna kallon juna, bayan masaƙa. Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula ina firamare. Manya suna ta muhawara a gaban rediyo, amma ni abin da ya zauna mini a rai shi ne jiniyar masaƙa. Idan ta yi kuka da yamma sai titi ya cika da maza, auduga a gashinsu kamar furfura, Babanmu a cikinsu. Sai kuma murhun Kaka Asabe.

Kaka uwar Babanmu ce. Daga ƙauyenmu na kudancin jihar aka kawo ta a duba mata ido a asibiti. Ta ce kwana kaɗan za ta yi, ta zauna har ƙarshen ranta. Ba ta taɓa yarda da risho ba. Ta ce duk wanda ya ci tuwon risho, kananzir ya ci. Don haka ta kafa duwatsunta a jikin katanga, kuma da an sauke tukunya an ci abinci, tun sama ba ta gama duhu ba, mu yaran gidan mukan kewaye ragowar wutar. Akwai 'ya'yan mutanen Filato, akwai na Binuwai, kowa da yarensa a ɗakin uwarsa, amma a bakin murhun nan Hausa ake yi. Kaka kan tura gyaɗa cikin toka mai zafi, ta riƙe sandar juya wuta kamar mai ba mawaƙan coci hannu.

"Ga wata can tafe daga nesa," haka take farawa.

Mu ce, "Ta shigo a ba ta ruwa."

"Ba ta shan ruwa, kunne take so. Bitrus, cire yatsa daga hanci ka ba ta naka."

Tatsuniyoyinta ba su da sassauci. Mugu a bakin Kaka ba ya tsira. Wata rana Mamanmu ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Kaka, ai sai ki ce ya tuba an yafe masa. Yara ne fa."

Kaka ta ce, "Yafiya ranar Lahadi ake yin ta. Yau Talata."

Wadda na fi tunawa ita ce ta Mai Ƙwarya. A wani gari da babu madubi, wata mata ta zo ta zauna a bakin hanyar rafi da ƙwarya cike da ruwa kwantacce. Matar nan ba ta cin tuwo, ba ta shan kunu. Kallo ne abincinta: duk wanda ya dube ta, sai ta ƙara ƙiba. 'Yan mata masu zuwa ɗiban ruwa sukan sunkuya su ga fuskarsu a ƙwaryar, ita kuwa sai ta ce, "Kin yi kyau, amma jiya ma na ga zanen nan." Daga nan ta fito da zanen da ta ɗinka da rinannen ganye. Yana da kyau da safe, kafin yamma ya yanƙwane, gobe sai a dawo a sayi wani. Hatsin garin ya riƙa ƙarewa a bakin hanyar rafi.

Akwai wata yarinya Laraba, mai zane ɗaya tak, wanda uwarta ta saƙa mata kafin ta rasu. Ta ƙi sayen ganye. Sai Mai Ƙwarya ta jira ranar da hanya ta cika, ta yi mata waƙa. A nan Kaka kan matse hanci ta rera:

"Zanen jiya, zanen shekaranjiya,
Wa zai fara yagewa, ke ko shi?"

'Yan mata suka kwashe da dariya. Laraba ta yar da tulunta, ta gudu gida ta shige rumbu, ta ƙi fitowa.

"To, Laraba tana da kaka," in ji Kaka Asabe, tana juya wuta. "Wata tsohuwa mai ciwon ido, kamar wata da kuka sani."

Tsohuwar ba ta je ta yi faɗa ba. Ta bari har rawar girbi ta matso, har Mai Ƙwarya ta tara tudun ganye ta rine shi don matan gari kaf. Sannan ta bi gida gida tana tambayar kowace mace, "Zanen da uwarki ta bar miki yana nan?" Ranar rawa mata suka fito da tsoffin zannuwa, suka bi ta gaban Mai Ƙwarya a jere, babu wadda ta juya kai. Ta yi waƙa, ta kira sunaye, ta buga ƙwarya. Duk macen da ta wuce ba ta dube ta ba, sai ta ƙanƙance. Ganyen ya ruɓe a bayanta. Laraba ce ta zo ƙarshe da zanenta ɗaya, kazar gidansu na biye da ita. A lokacin Mai Ƙwarya ta koma kamar ƙwayar gyaɗa. Kaza ta haɗiye ta.

Na ce, "Kaka, ba ta ce a yi haƙuri ba?"

"Ta ce mana. Daga cikin kaza." Ta tono gyaɗa ta raba mana. "Ta ƙare, na binne ta a toka. Kowa ɗakin uwarsa."

Bayan wasu shekaru jiniyar ta yi shiru. Ciyawa ta cinye harabar masaƙa, maza suka watse, wasu suka nufi masana'antun Kudenda neman aiki, wasu suka koma tuƙa keke mai ƙafa uku. Kaka ta rasu, Baba ya bi ta. Abin da masaƙar ta bar wa matan unguwarmu shi ne atamfa. Kowace Kirsimeti akan sayar wa ma'aikata da rahusa, don haka babu macen da ta zauna a Kakuri a wancan zamanin wadda ba ta da turmi ko zane a ƙasan akwati.

Yanzu ina zaune a Gonin Gora, ina karanta labarai a gidan rediyo. Ina da 'ya ɗaya, Rifkatu. Tana ajin ƙarshe na sakandare na gane cewa 'yan matan zamaninta suna da doka: kayan da aka ɗauki hoto da su aka sa a waya sun mutu, ba a sake sa su. Rifkatu ba ta bi dokar ba. Na ɗinka mata riga daga wata shuɗiyar atamfa ta Mamanmu, tana son ta, ta sa ta biki bayan biki.

A cocinmu akwai wata matashiya, 'yan mata na kiran ta Anti Keziya. Tana da shagon tufafi a bakin titin Abuja, amma ainihin kasuwarta a waya take. Kullum da sabon bidiyo: yadda babbar yarinya ke shiga, abin da ya wuce yayi, abin da ya shigo. Wata rana ta tattaro hotunan Rifkatu daga bukukuwan coci, ta jera su, riga ɗaya a wurare daban daban, ta sa kiɗan dariya, ta rubuta a ƙasa cewa kada ki zama irin wannan, ki zo shago. Ta rufe fuskar da ɗan hoton nan mai hawayen dariya. Rigar kuwa kowa ya san ta.

Bidiyon ya shiga zauren ajinsu na waya, inda malamai ke tura tambayoyin jarrabawar baya da darussan ƙarin bayani. A nan yara suka sa mata suna Yunifom. Rifkatu ta fice daga zauren. Washegari ta ce ciki ke mata ciwo, kashegari kuma kai. Jarrabawar fita na matsowa, yarinyar da ke gaba a ajinsu tana kwance ta juya wa ƙofa baya. Na yi lallashi, na yi faɗa. Ta ce, "Mama, ko duka za ki yi, ki yi. Ba zan shiga ajin nan ba."

Na je shagon Keziya. Na tarar da ita tana gyara fitilar ɗaukar hoto.

Na ce, "Ki cire bidiyon nan."

"Haba Maman Rifkatu, no vex, kada ki ji haushi. Ai na rufe fuska. Talla ce kawai. Kin san mutum nawa suka kalla kuwa? Ki kawo ta ma in zaɓa mata wani abu, zan yi muku sauƙi."

Aikina ya koya mini kada murya ta yi rawa ko da labarin ya taɓa ni. Na ce mata na gode, na fito.

A cocinmu zumuntar mata kan yi anko duk shekara don bikin godiyar girbi. Kwamiti ke zaɓen atamfa, kuma shekaru da dama wajen Keziya ake saye, har ta daina jiran kwamiti ya zauna. Na sa ido a shafinta, ni da ban taɓa ɓata lokaci a kansa ba. Ranar da na ga ta hau kan dilolin atamfa tana rawa, tana cewa ankon bana ya sauka, ranar na nemi a ba ni dama in yi magana a taron mata.

Na tashi na yi magana kamar yadda nake karanta labaran yamma, ba gaggawa. Ban ambaci sunan kowa ba. Na ce yawancinmu 'ya'yan ma'aikatan masaƙa ne ko matansu. Na ce mutanen nan sun shaƙi auduga har huhunsu ya gaji don mu yi karatu, kuma ba mu taɓa gode wa Allah dominsu a gaban jama'a ba. Na ba da shawara ankon bana ya zama tsohon zanen masaƙa, kowace ta buɗe akwatinta, wadda ba ta da shi a ara mata.

Maman Bitrus, wadda yanzu sai da sanda, ta buga sandar a ƙasa. "Nawa yana nan tun na goyon fari! Ko launi bai sake ba. Na wayar nan kuwa, wanki ɗaya ya zama tsumma."

Aka yi shewa. Matar Fasto ta dube ni ta saman tabarau, domin ita ma ta ga bidiyon.

"Maman Rifkatu, wannan tunawa ce ko ramuwa?"

Na ce, "Mama, zane ɗaya zai ɗauke su duka biyun."

Ta ce a ɗaga hannu. Nata ne ya fara tashi.

Na koma gida na gaya wa Rifkatu cewa ina bukatar mai ɗaukar bidiyo ranar Lahadin godiya, kuma mai ɗaukar dole ta sa tsohuwar atamfa kamar kowa. Da ranar ta zo, ta fito da shuɗiyar rigar, ta goge ta da kanta.

Cocin ya cika da ƙamshin kafur. Mata suka shigo a jere suna rawa, doya da dawa a ka, kowace da zanen da ya girmi 'ya'yanta. Tsofaffi suna nuna wa juna zane suna kiran sunayen mazan da suka mutu. Keziya ta zo da ɗinkin sabuwar atamfar, ita kaɗai a cikin ɗaruruwan mata, ta tsaya a jikin ginshiƙi. Ta ɗaga wayarta, ta rasa wadda za ta juyo ta yi mata murmushi, ta sauke. Ban ji tausayinta ba, kuma ba zan ce na ji ba. Dilolin suna nan a shagonta, anko ne da babu mai biki.

Da yamma Rifkatu ta zo da gudu za ta saka bidiyon. Na riƙe hannunta.

"Sai ranar da kika rubuta takardarki ta ƙarshe."

"Mama! Ai zai huce!"

"Ba ya hucewa. Ki koma aji."

Ranar Litinin ta ɗauki jakarta. Ta koma zauren ajinsu, ta kwafi duk darussan da suka wuce ta. Keziya ta cire nata bidiyon a makon, ta zo gida da 'yar rakiya ta ce a yi haƙuri. Na ba ta wurin zama, na ba ta ruwa, na ce na ji.

Ina ƙarama na ɗauka tatsuniyoyin nan don a tsorata mugaye ake yin su. Sai da na ga 'yata kwance ta juya wa ƙofa baya na gane cewa tsohuwar cikin tatsuniyar ba ta damu da gyara halin kowa ba. Yarinyarta take so ta fito, kuma ta san yaron da aka kunyata a gaban jama'a ba ya miƙewa da lallashin cikin ɗaki, sai ya ga an biya masa a gaban jama'ar nan. Abu ɗaya ne ya sauya. A zamaninmu ba za ka iya hana yara kallo ba, wayar tana hannunsu, a ciki suke karatu, a ciki suke ganin kansu. Abin da ya rage wa uwa shi ne ta zaɓi abin da za su kalla, da ranar da za su kalle shi.

Ranar da aka gama jarrabawa Rifkatu ta shigo da tawada a yatsa, ko takalmi ba ta cire ba, ta miƙo mini waya. Ta riga ta rubuta abin da za ta sa a ƙasan bidiyon. Na karanta a tsanake, kamar yadda nake duba labari kafin a kunna mini makirufo.

Na ce, "Goge zagin."

Ta ɓata rai. "Duka?"

"Duka. Amma kada ki goge sunan shagon."

Ta goge, ta sake nuna mini. Na gyaɗa kai, ta danna.