Zahra'u Sodangi da Sunan Sabah

Kullum bayan sallar asuba Zahra'u Sodangi takan goge allon sola, ta shimfiɗa tabarma a bayan gidan ƙanenta, a ƙauyenmu kusa da Abu Na'ama, daidai inda shabaka, wato sabis ɗin intanet, ke ɗan leƙowa. Sai ta kunna kwamfutarta mai tsagaggen gilashi, ta kai fuskarta dab da shi, domin ciwon sukari ya cinye rabin ganinta. Nan take zama har azahar. Masu wucewa gona su gaishe ta, in sun yi gaba su ce mace ta doshi hamsin tana wasa da jihazi, kamar yadda muke kiran na'ura a nan. Ni ma na taɓa faɗin haka, kuma na yi kuskure.

Shekara goma sha tara ta yi a Wad Madani tana wa wata ƙungiyar ƙananan asibitocin ƙauye aiki. Ita ke kula da manhajar da ma'aikaciyar jinya ke shigar da nauyin yaro, ta fito mata da adadin maganin da za a ba shi. Takan ɗaure manhajar da duk kayan da take buƙata a ƙunshi guda, wanda masu sana'ar ke kira kwantena, a ɗauka a ɗora wa kwamfuta ta tashi. Amma don manyan kwamfutocin ofis kaɗai aka gina shi, tun da su kaɗai ake da su.

Da yaƙi ya shigo Jazira, jihar da take aiki, aka kwashe kwamfutocin, ita kuma ta gudo nan da jaka ɗaya. Asibitocin da suka tsira sai suka samu wasu ƙananan na'urori kamar tafin hannu, masu aiki da sola. Ƙwaƙwalwarsu wata iri ce daban, ƙunshin ya ƙi tashi a kansu, ga shabaka a yanke. Wani mai gyara a Managil, da kyakkyawar niyya, ya kwance ƙunshin, ya cire abin da ya ƙi, ya cusa tsofaffin kayan da yake da su har ya tashi. Ya zuba a filash ya ba direban hafla, wato motar bas. Ku kuwa kun san halinmu. Abin da ya zo ta hannun ɗan'uwa ba ma tambayar asalinsa, tambayar ma muna ganin ta rashin kunya ce. Haka filash ɗin ya bi hannu zuwa hannu har ya iso wurin Sabah.

Sabah ce ma'aikaciyar jinyarmu, shekara ashirin da biyu tana wannan aiki. Wata safiya aka kawo mata Huda, 'yar Lukman manomi, shekararta huɗu, da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Ta auna ta, ta shigar da nauyin, ta yi mata allurar da na'urar ta rubuta. Tsohon jadawalin da aka cusa na wata allura ne da aka daina kawowa, wadda ba ta kai ta yanzu ƙarfi ba. Huda ba ta kai la'asar ba.

Gari ya ce Sabah ta kashe yarinya. Matan da ta karɓi haihuwarsu suka daina amsa gaisuwarta. Ta rufe asibitin ta zauna a ɗaka.

Zahra'u ce kaɗai ta je. Matata ce ta raka ta, ita ta ba ni labari.

Zahra'u ta ce, "'Yar'uwa, mi kika gani a jihazin?"

Sabah ta ce, "Abin da ya rubuta shi na ba ta. Sau biyu na duba. Amma wa zai yarda? Sun ce jihazi ba ya ƙarya, Sabah ce ta tsufa."

"Ba ni shi."

"Ɗauki, in kin gama ki jefa shi a kogi."

Kwana goma sha ɗaya Zahra'u ta yi tana gwada abin da ke ciki da wanda ta gina, guntu guntu, domin babu wata takarda da ta ce ga abin da ya kamata a tarar. Da ta gano, ta nemi in raka ta gidan Lukman. Muka same shi a zaure yana gyaran fartanya.

Ta ce, "Ya Lukman, ba Sabah ba ce."

Bai ɗago ba. "To wa? Ki ba ni suna."

"In suna kake so, ga nawa. Ni na gina wanga abu don na'ura iri guda, har aka tilasta wa wani ya kwance shi. Ni na sake shi ba takarda, ba hatimi."

"Hatimin naki zai tono min ita?"

"A'a."

Na ga maza da rawuna sun yi laifi ƙarami sun ɗora wa mamaci. Ban taɓa ganin wanda ya ɗauko laifin da babu mai neman sa a wurinsa, ya kai shi da ƙafarsa gaban uban gawa ba.

Wata bakwai ta yi a kan tabarmar nan. Yanzu ƙunshin nan sau biyu take gina shi, ɗaya don manyan kwamfutoci, ɗaya don ƙanana, duka a ƙarƙashin suna guda, kowace na'ura ta ɗauki nata ba sai an taɓa komai ba. Na ƙananan kan ci awa biyar a tsohuwar kwamfutarta, in hadari ya rufe rana a koma farko. Kowane ƙunshi kuma yana tafe da takardarsa, kamar wadda ake ɗinkewa a bakin buhun iri: me aka sa a ciki, daga ina aka ɗauko shi, wa ya gina, yaushe. A kai ta buga hatiminta. Na'urar kan duba shi kafin ta tashi, ko da shabaka ko babu, in an canza ko harafi ɗaya ta ƙi. Widad, mai jinya a wajen Damazin, ta aiko tana mita da aka kai mata wani filash na'urar ta ƙi karɓa, wai jihazin Zahra'u ya fi limaminsu tsauri. Da aka bincika, tsohon kwafin nan ne mai kisa yake yawo har yanzu.

Zahra'u, ke ce mai aikin da ba a gani sai ranar da babu shi. Ke ce kika hana mu binne mace da ranta. Wannan watan kike ajiye aiki, domin haruffan sun daina tsaya miki, kin miƙa hatimin ga Najwa da kika koyar. Ba a yi miki taro ba, ba a yanka miki ko kaza ba. Mun gode, 'yar Sodangi. Allah ya saka miki, ya sauƙaƙa miki duhun da ke tafe.

Ku kuwa masu haɗa magani, masu ɗinke buhu, masu gina abin da wani zai dogara da shi ba ya ganinku, ku rubuta abin da kuka sa a ciki, ku sa sunanku. Masu karɓa ku tambaya, ko daga hannun wanku ne.

Sabah ta sake buɗe asibiti. Har yau Lukman ba ya bin hanyar. Amma makon jiya matarsa Hanan ta kai jaririnta, ta tsaya a ƙofa ta kasa shiga, sai da Sabah ta fito ta karɓe shi. Sauran waɗanda suka zage ta, kun san kanku, kuma kun san gidanta.