Sandar Memorin da Na Kankare da Reza

Har gobe ban manta da ranar Talatar da na tsaya a tsakiyar shagon Alhaji Maina na ɗora wa Madam Saratu laifin da hannuna ya aikata ba. Ku da kuke koyon gyara a wurina kun sha jin faɗana a kan gaggawa. Yau ina so ku ji inda faɗan ya samo asali.

Ni asalina mai gyaran rediyo ne, karatuna kuma bai wuce firamare ba. Wajen ƙarshen shekarun 1990 na je Kano na yi wata biyar a wurin wani mai haɗa kwamfuta. Da na dawo Haɗeja sai mutane suka fara ce mini Injiniya, ni kuma ban hana su ba. A lokacin kwamfutocin garin nan kusan duk a ofisoshin gwamnati suke. Alhaji Maina, mai shagon buga takardu, shi ne mutum na farko da ya ba ni aikin haɗa masa guda. Na sayo kayan ɗaya bayan ɗaya a Kano, yawancinsu na hannu, na shimfiɗa tabarma a ɗakina na haɗa ta.

Ga wanda bai san cikin kwamfuta ba, akwai wasu 'yan sanduna sirara da ba su fi tsawon yatsa ba, muna kiran su memori. A cikinsu kwamfuta take riƙe aikin da ake yi kafin a adana shi. Kowace sanda tana da jerin haƙora masu ruwan zinariya a gindinta, su ne suke shiga rami a jikin babban allon da ake dasa kayan cikin kwamfutar a kai. Sanda biyu na saka. Ɗaya ta kama lafiya. Ɗayar haƙoranta sun yi dauɗa, kwamfutar ta ƙi ganin ta. Sai na yi mata abin da na saba yi wa rediyo idan mazaunin batir ya yi tsatsa: na ɗauki reza na kankare haƙoran sai da suka yi ƙyalli. Na mayar, ta kama. Maigidana na Kano ya taɓa gargaɗina kada ƙarfe ya taɓa wurin nan, domin ruwan zinariyar shi yake kare haƙoran daga danshi. Na ɗauki maganar tsoron 'yan birni ne kawai.

Da bazara na kai wa Alhaji kwamfutar, ta yi wata uku ko tari ba ta yi ba. Mai aiki da ita ita ce Madam Saratu, 'yar kudancin Kaduna, wadda ta shekara ashirin tana buga tafireta a ofishin gwamnati kafin a rage ma'aikata. Mijinta ya rasu, 'ya'ya uku suna makaranta, wannan aikin shi ne cinsu. Cikin 'yan makonni ta iya kwamfutar, har ta fi ni sanin inda abubuwa suke a cikinta.

Sai damina ta sauka. Kogi ya cika, fadama ta sha ruwa tun daga Auyo, garin ya ɗauki irin danshin nan da gishiri yake jiƙewa a kwano, ashana ta ƙi kamawa. A nan kwamfutar ta fara halinta. Ana cikin rubutu sai allon da ake kallo ya yi baƙi, ta yi ƙara ɗaya, ta tashi daga farko kamar an kashe an kunna. Duk abin da ba a adana ba ya tafi. Wata rana sau ɗaya, wata rana sau shida, wata rana ko kaɗan.

Zuwana na farko na ce wuta ce take hawa da sauka. Aka kawo sitabilaiza mai daidaita wuta, ba ta daina ba. Muka gwada ta a kan janareta, nan ma ta yi. Zuwa na biyu na ce cuta ce ta shigo ta faifan da mutane suke kawowa. Na share komai na sake zubawa, wuni guda cur, washegari ta koma halinta. Zuwa na uku na ce zafi ne. Na cire murfin, na sa aka kafa mata fanka ita kaɗai.

Alhaji ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Injiniya, ni da na sayi fankar ina gumi, ita tana shan iska. Gobe kuma me za ka ce, a dama mata fura?"

Ranar Talatar da nake ba ku labari, wani malamin makaranta daga Kirikasamma ya zo karɓar kundin kammala karatunsa. Sau biyu ke nan aikin yana lalacewa a tsakiya, ga ranar miƙawa ta matso. Ya yi faɗa sosai. Shagon cike da mutane, Alhaji ya aika aka kira ni.

Ina shiga Madam Saratu ta ce, "Injiniya, akwai abin da na lura da shi. Ranar da aka kwana ana ruwa ta fi yi. Kuma lambobin nan da take ƙirgawa idan an kunna ta, wata rana suna kaiwa dubu goma sha shida, wata rana su tsaya a dubu takwas."

Wannan ƙirgen da kwamfuta take yi da farko, memorinta take aunawa. Idan ta tsaya a rabi, ma'anarsa sanda ɗaya ta ɓace mata. Kafin Madam ta rufe baki na ga rezar nan a hannuna kamar a lokacin nake kankarewa. Na gane. Ba zan ce muku ban gane ba.

Amma ga mutane, ga Alhaji, ga sunan Injiniya. Sai na yi dariya na ce, "Madam, kwamfuta ba shinkafa ba ce da za ta san an yi ruwa."

Aka kwashe da dariya. Da na ga dariyar ta karɓe ni, sai na ƙara. Na ce wa Alhaji na gwada wuta, na gwada cuta, na gwada zafi, abu ɗaya ya rage. Hannun tafireta ne. Wanda ya saba dukan tafireta da ƙarfi, idan ya hau kwamfuta girgizar tana bin tebur ta shiga ciki. Babu wannan a ilimin kwamfuta, a nan take na ƙirƙira shi.

Madam Saratu ta dubi hannayenta. Ta ce, "A hankali nake taɓawa."

Na ce, "A ganinki."

Alhaji mutum ne mai kunya, bai yanke hukunci a gaban jama'a ba. Amma ranar Asabar ya sallame ta, ya ce zai ɗauko wani daga Kano wanda ya koyi buga takardu a kan kwamfuta tun farko. Ni kuma na ce a ba ni kwamfutar in kai gida in gyara ɓarnar da aka yi mata.

A gida na yi abin da ya kamata in yi tun zuwan farko. Na zare sandar da na kankare, na fita da ita wurin haske. Haƙoran sun yi kore-kore, wasu sun yi baƙi. Na bar ɗayar ita kaɗai a ciki, na kunna tun safe har la'asar, ana yayyafi a waje, ko motsi ba ta yi ba. Na mayar da kankararriyar, kafin a yi kiran magariba ta tashi sau biyu. Gwajin da bai fi wuni ɗaya ba, shi na yi wata guda ina kewaye wa. Na je Kano na samo wata sandar, na saka, na mayar wa Alhaji ban ce uffan ba.

Mutumin Kano ya fara aiki, kwamfuta ta zauna lafiya lau. Alhaji ya dafa kafaɗata ya ce, "Ashe gaskiyarka, hannunta ne." Kun ga gyaran da na yi a ɓoye shi ya zama shaidar ƙaryata. Na amsa da cewa Allah ya kyauta, na tafi.

Kwana goma sha ɗaya na yi a haka. Ran nan na bi ta gaban kotu, sai na hango Madam Saratu a gindin darbejiya tare da masu rubuta takardun rantsuwa. Ta fito da tsohuwar tafiretarta ta ɗora a kan benci, ga leda a gefe ta rufewa idan ruwa ya sauko. Na so in canza hanya, ta riga ta gan ni.

Ta ce, "Injiniya, yaya mai jiki?" Kwamfutar take nufi.

Na ce, "Da sauƙi. Ta daina."

Ta ce, "To, madalla. Ashe dai ni ce. Shekara ashirin ba a taɓa cewa hannuna ya ɓata abu ba. Yanzu ko wannan ɗin tsoron dukan ta nake yi, har masu takarda suna cewa rubutun bai fito ba."

Da zagina ta yi, da na iya ɗauka. Amma matar nan ta yarda da ƙaryar, ta koma tana zargin hannun da take ciyar da 'ya'yanta da shi. Na zauna a ƙarshen bencin na faɗa mata komai, tun daga rezar har zuwa tafiyata Kano. Ta saurara ba ta katse ni ba.

Da na gama ta ce, "Ranar da na yi maganar ruwa, ka sani?"

Na ce, "Na sani."

Ta gyara takardar da ke cikin tafireta, ta ce, "Ba a nan ka faɗi waccan ba. Ka je ka faɗi wannan a inda ka faɗi waccan."

Washegari da hantsi, lokacin da shagon ya fi cika, na je da sandar a aljihu. Na ajiye ta a kan teburin Alhaji na yi bayani da ƙarfi yadda kowa zai ji. Wannan karon babu wanda ya yi dariya. Alhaji ya juya sandar a hannunsa ya daɗe, sannan ya ce, "Kwamfuta ka ɓata, wannan ana gyarawa. Ni kuma ka sa na zalunci marayu, wa zai gyara mini wannan?" Daga ranar bai sake ce mini Injiniya ba. Idi yake kirana, sunan da aka raɗa mini.

Da kansa ya je gaban kotu ya ba ta haƙuri. Sai dai ya riga ya yi wa mutumin Kano alkawarin wata uku, kuma shi ma ba shi da laifi. Saboda haka Madam Saratu ta ƙarasa daminar nan a gindin darbejiya, tana rufe tafireta da leda. Sai bayan an yanke shinkafa ta koma kujerarta. Ta ce ta yafe mini, na kuma yarda ta yafe. Amma watannin nan uku ba ni da hanyar da zan mayar mata da su.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, idan na'ura tana tashi da kanta, ku canza abu ɗaya ku gwada, sannan ku canza na gaba, kuma ku fara da wurin da hannunku ya taɓa. Ku saurari wanda yake wuni a gabanta, ko da bai san sunan ko ƙusa ɗaya a cikinta ba, domin shi yake ganin abin da ba ku gani. A sana'ar nan mutane ba su da yadda za su auna maganarmu, abin da muka ce shi ke nan. Idan ba ku san matsalar ba, ku ce ba ku sani ba. Idan kuma ku ne matsalar, ku faɗa tun mai aikin yana kan kujerarsa.