Ni Na Sa Masa Suna Malam Ƙwai

Da daminar bana Malam Hamisu ya cika shekara goma sha ɗaya a ƙasa. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, kuma ba don abin da na gani a watan jiya ba, da bana ma shiru zan yi. Tare muka koyar a wata sakandare a Roni, ni lissafi, shi wasanni, kuma katanga ɗaya ce tsakanin gidajenmu.

Wata shekara aka tura shi kwas Legas, ya dawo da wata doguwar ƙwallo mai tsini biyu. Ya ajiye ta a ofishin malamai ya fita fili. Muka taru a kanta muna jimami, mun ɗauka kaya ne suka danne ta a mota. Don a kyautata masa, ni da kaina na hau mashin na kai ta wurin mai faci a bakin kasuwa. Bawan Allah ya sace iskar, ya sake bugawa, ya jiƙa ta a ruwan zafi, ya taka, ya murza, wai sai ta mulmulu. Daga ƙarshe ɗinkin ya fashe. Malam Hamisu bai yi faɗa ba. Ya ce haka aka yi ta, sunan wasan zari-ruga, da hannu ake ɗauka a ruga, baya ake jefa wa abokin wasa, kuma ƙasa da ƙasa ake karawa, mutum bakwai-bakwai.

Maimakon in ba shi haƙuri, kunya ta sa na mai da abin raha. Na ce, "Wace ƙasa ce za ta tara ƙarti su bi ƙwai da gudu? Malam Ƙwai, 'yan Legas sun yi maka wayo." Aka kwashe da dariya. Magana zarar bunu ce. Kafin mako ya zagayo sunan ya tsallake makaranta ya shiga bakin 'yan acaɓa. Malam Hamisu ya ɗinke ƙwallon ya tara ɗalibai, iyaye suka zo suka ce ba kokawa suka kawo 'ya'yansu koyo ba, aka hana wasan. Sunan ne bai hanu ba. Yaransa suka tashi ana ce musu 'ya'yan Malam Ƙwai, har ranar jana'izarsa na ji wani baƙo yana tambayar gidan da wannan sunan.

Watan jiya na je Kazaure gyaran waya. Ina ɗaga kai ga talabijin ɗin shagon sai ga ƙwallon nan. Wallahi sai da na nemi benci. Fili cike maƙil, ga tutoci, ana taken ƙasa, ƙarti bakwai nan bakwai can, kuma baya suke jefawa. Minti bakwai a juya, minti bakwai a tashi, wasu ƙasashen su shigo. Na ga Kenya, na ga Afirka ta Kudu. Mai shagon ya ce ai Najeriya ma tana da 'yan wasanta, har da mata. Ashe Malam Hamisu bai ƙara ko kalma ɗaya a kan gaskiya ba, mu ne muka yi shekaru muna yi wa gaskiya dariya.

Me zai ce da yana zaune kusa da ni a shagon? Na san halinsa, ba zai ce ai na gaya maka ba. Gyara zama zai yi ya fara yi min bayanin abin da alƙalin wasa ya busa, kamar jiya muka rabu lafiya. Hakan ya fi zagi ciwo.

Abin ya hana ni sakat, na tafi Gwiwa wurin Rabi, babbar 'yarsa da ke aure can. Na tafi da fargabar zumuncin shekaru zai yanke a ranar. Bayan gaisuwa na ce mata sunan da aka riƙa tsokanarsu da shi daga bakina ya fito, ta yafe min.

Ta ce, "Baffa, ai mun sani tun muna yara. Ƙanina Aminu ya taɓa rantsewa ya daina gaishe ka. Baba ya tara mu a zaure ya ce duk wanda ya wuce ka bai durƙusa ba, bai yafe masa ba."

Innalillahi. Ashe duk gaisuwar safiyar nan, da naman layya da suke kawo min, da kai ni asibiti da Aminun ya yi bara, suna sane suke yi. Ni kaɗai nake zaton na ɓoye.

Zari-ruga bai kafu a Roni ba, kuma ban san ɗalibinsa ko ɗaya da ya buga wa ƙasa ba. Abin da ya bari 'ya'ya biyar ne da ba su iya riƙo ba, don ubansu ya hana su koya. Ina roƙon mutanen Roni, in za a yi masa addu'a, a kira shi Hamisu. Allah ya sa Aljanna ce makomarsa.

Da na tashi tafiya, Rabi ta raka ni bakin ƙofa ta durƙusa kamar kullum. Na kasa kallonta.