Ranar da Dattijo Ya Durƙusa wa Kiɗan Ayuba

Ku tsaya in tambaye ku wani abu kafin mu yi kuka. Wane ne wannan: bakinsa a buɗe kullum amma ba ya gulma, cikinsa ƙato amma ba ya cin tuwon kowa, ba ya magana sai an mare shi, in kuma ya sha ruwa sai muryarsa ta ƙara hawa sama? Ku riƙe amsarku. Wanda ya riga ni faɗa ba shi da kunya.

Ranar Alhamis ce, da la'asar. Ina tsakar gida ina tsaga citta zan shanya, sai ga ɗiyata Saratu ta shigo ba ɗankwali, waya a hannunta kamar ta riƙe garwashi. Ta ce, "Mama, motar su Ayuba." Na ajiye wuƙar a hankali don kada in yanke kaina. Daga baya aka gaya mana taya ce ta fashe kafin su kai Kachia, suna dawowa daga wajen Kasuwan Magani. Jikana Ayuba, ɗan Saratu, ɗalibin shekarar ƙarshe a sashen kiɗa da waƙa na kwaleji, ya tafi wurin Ubangijinsa saura mako biyu ya yi jarrabawarsa ta ƙarshe.

An ce in rubuta wani abu a littafin tunawa da shi. Ni aji huɗu na yi a firamare, saboda haka wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa. Amma kada kowa ya taɓa abin da na faɗa.

Maigida nake kiran shi tun yana rarrafe, shi kuma ya ce mini Amarya. Babansa ya rasu yana da shekara shida, a ɗakina ya yi rabin girmansa. Yaron nan kunne ne aka yi masa ƙafafu. In ina daka, sai ya ce turmina ya fi na maƙwabciya ƙasa da murya. In mu 'yan zumuntar matan coci muna koyon waƙa ranar Talata, yana nan a bakin taga, ya ce, "Amarya, Mama Jummai ta sauka daga layi." Kuma gaskiya ne, Jummai ba ta taɓa hawa layin ba ma balle ta sauka.

Da ya ce kiɗa zai karanta, gida ya kama da wuta. A nan ne zan shigo da wani mutum. Ba zan faɗi sunansa ba, an yi mini tarbiyya. Wan baban Ayuba ne, shi ya tsaya a matsayin uba. Dattijo ne a cocinmu, yana zama a kujera ta biyu hannun dama, yana da hula mai ruwan toka. Iyakar abin da zan faɗa ke nan, don kada a gane shi.

Dattijo ya ce, "Ana zuwa kwaleji a fito nas, a fito lauya. Kai za ka je ka koyo buga gwangwani? Wa zai ba ka mata?"

Ayuba ya ce, "Baba, ai ina da mata," ya nuna ni da baki. Na ce, "Ƙwarai, kuma ban kai ƙara ba."

Mutane sun ɗauka karatun kiɗa rawa ne da tafi. Ni na ga abin da idona. Na ga yaron nan ya zana bakin kibod da alli a kan teburina, fari da baƙi, yana buga katako da yatsu goma duk ranar da babu wuta, har ya ce ya yi kuskure. Na ce, "Maigida, tebur ne fa, me ka ji?" Ya ce, "Na ji, Amarya. A sake daga farko." Maganarsa ke nan kullum: a sake daga farko. Akwai jarrabawar da malami zai juya maka baya ya taɓa abu ɗaya a fiyano, kai kuma ka faɗi sunan muryar. Akwai wadda za a ba ka takarda mai layi biyar da ɗige-ɗige baƙaƙe, kamar akuya ta bi ta kan wayar shanya, a ce ka rera abin da ba ka taɓa ji ba. Ya faɗi wannan jarrabawar sau ɗaya a shekarar farko, ya yi kwana biyu bai ci abinci ba. Bai sake faɗuwa ba.

Da shekarar ƙarshe ta zo, aka ce kowane ɗalibi ya kawo aikin kansa, ya rubuta shi, ya kuma buga a gaban malamai. Abokansa suka kama waƙoƙin Turawa. Shi ya dawo gida ya zauna a gabanmu, mu tsofaffin zumunta, da littafi da biro. Ya ce, "Ku kun gama kwaleji tuntuni, takarda ce kawai ba a ba ku ba." Waƙoƙin da iyayenmu suke yi da yarenmu wajen sussukar acca, waɗanda muka juya suka zama na yabon Allah, su ya bi ɗaya ɗaya ya rubuta da ɗige-ɗigensa.

Kun san yadda muke kiɗa a zumunta: tulun ƙasa, a mari bakinsa da faifan soso, ya ce bum. Mu dai bugu muke yi. Ayuba ne ya jera tuluna bakwai, ya riƙa zuba wa kowanne ruwa da kofi, yana bugawa yana saurare, har kowane tulu ya samu muryarsa kamar 'yan kwayar coci. In na cika hannu sai ya ce, "Kaɗan, Amarya, ba wanka zai yi ba." Babban cikinsu, mai muryar ƙasa da ke ɗauke da sauran, tulun mahaifiyata ne. Ba zan ɓoye ba: burkutu ta yi shekaru tana dafawa tana zubawa a ciki kafin ta tuba.

Wata Laraba da rana, muna gwaji a coci, Dattijo ya shigo. Ya tsaya yana kallon ɗan ƙaninsa a tsugune tsakiyar mata da kofi a hannu. Ya ce, "Abin da aka tura ka koyo ke nan? Aikin mata?" Sai idonsa ya faɗa kan babban tulun. Ya gane shi. Dole ya gane shi, tun da yana saurayi ya sha daga cikinsa har aka ɗauke shi a amalanke daga gindin ɗorawa, ni na riƙe masa takalmi. Ya ce tulun giya ba zai zauna a ɗakin Allah ba. Ya ɗaga shi, ya fita da shi, ya sake shi a kan dakali.

Ayuba ya sunkuya. Ya tsince gutsattsarin a rigarsa. Ni na buɗe baki, ya ce, "Amarya, bari. A sake daga farko." Ya yi kwana takwas yana neman tulu mai irin wannan ciki, domin masu gini na yanzu ba sa yin manya. A ƙarshe aka kwatanta masa wata tsohuwa a wani ƙauye bayan Kasuwan Magani. Ya karɓi zanen zumuntata don ya naɗe tulun, ya hau mota.

Ku ji ni da kyau. Ban ce Dattijo ya kashe jikana ba. Taya ce ta fashe. Abin da na ce shi ne, da tulun uwata yana nan, da ranar Alhamis ɗin nan Ayuba yana tsakar gidana yana satar mini gyaɗa.

Kwana biyu bayan haka wani direba ya yi sallama, ɗauke da ƙunshi a zanena. Ya ce, "Mama, a cinyarsa yake, ya rungume shi. Ko tsagewa bai yi ba." Na kwance, sai ga tulu. Na mari bakinsa da tafin hannuna. Muryar uwata ce ta fito, har ta fi zurfi kaɗan.

Dattijo ne ya shirya takardar jana'iza. Jikata ta karanta mini. An rubuta "ɗalibin kwaleji," shi ke nan, kamar kiɗa wata cuta ce da ake ɓoyewa. An kuma rubuta cewa waƙoƙin littafi kawai za a yi. Na aika a tambaye shi tuluna fa, ya ce, "Jana'izar mai bi ce, ba wasan dodo ba." Wato aikin shekara uku za a binne tare da yaron, ba wanda ya ji.

Fasto ya zo gaisuwa, ya ga fuskata, ya ce, "Mama, ki tuna ramuwa aikin Ubangiji ne." Na ce, "Na sani, Fasto. Ba zan ƙwace masa aiki ba. Ɗan taya shi zan yi."

A wurinmu ba a sa mutum a ƙasa sai dangin uwarsa sun ce a sa. Dangin uba su zo su roƙa, dangin uwa su faɗi abin da suke so, yawanci akuya, a ba su, sannan a rufe kabari. Coci ba ta hana wannan ba, Dattijo da kansa ya karɓi akuyoyi da yawa ta wannan hanya. A dangin Saratu kuwa ba wanda ya girme ni. Sai na sa aka kira mini malamin Ayuba, wani siriri mai tabarau, na ce ya zo ranar jana'iza, Asabar mai zuwa, da jan bironsa.

Ranar ta zo. An gama wa'azi, an kawo akwati bakin kabari, fastoci biyar a tsaye, ɗaliban kwaleji cike da mota biyu. Dattijo ya matso cikin farar babbar riga, ya ce, "Mama, mun zo roƙo. Akuya tana ɗaure."

Na ce, "Ka kwance ta, ta je ta yi kiwo. Ba a sa maigidana a ƙasa sai ya yi jarrabawarsa."

Matan zumunta suka fito daga bayan rumfa da tuluna bakwai a ka, suka jera su gefen akwati. Na ce, "Abin da dangin uwa suke so ruwa ne. Mai zuba ruwan ga shi a kwance. Uban yaro zai zuba masa."

Ya juya wajen Fasto. Fasto ya sami wani abu mai muhimmanci a kan takalminsa. Dattijo ya ce, "Mama, a gaban jama'a?" Na ce, "A gaban jama'a ka fasa."

Ba a zuba wa tulu ruwa a tsaye. Ya tattare riga ya durƙusa a jar ƙasar kabari, aka ba shi kofin Ayuba da bokiti. Malamin ya buɗe littafin yaron, inda ya rubuta muryar da kowane tulu zai ba da. Dattijo ya zuba, na buga, malami ya girgiza kai. "Ƙara." Ya ƙara. "Ya yi yawa, rage." Ya karkata tulu ya rage, ruwa ya bi hannun rigarsa. Shida na farko malami ne ya yi hukunci, kuma ya yi gaskiya. Na bakwai, babban, ni na karɓa. Allah ya gafarta mini, tun zubi na biyu muryar ta zauna daidai. Sau tara na sa shi. Na ce, "Kaɗan, Dattijo, ba wanka zai yi ba." Jummai ta tura ɗankwali a baki.

Sannan muka buga. Ɗaliban suka karɓi muryoyin sama daga takardar Ayuba, mu tsofaffi muka riƙe ƙasa. Waƙar sussukar acca ce ta kakanninmu, wadda take cewa mai gona ya zo ɗaukar abinsa. Ban taɓa jin ta haka ba, hawa huɗu, kowace murya da hanyarta amma duk gida ɗaya za su. Mutanen da suka zo daga Kauru suka fara amsawa ba wanda ya koya musu. Saratu, wadda ba ta yi kuka ba tun Alhamis, ta yi. Ko Jummai ta hau layi ranar.

Da muka tsaya, malamin ya cire tabarau ya goge. Ya rubuta a bangon littafin da jan biro, ya nuna mini, ya ce, "Mama, zancen satifiket yana hannun manyana, ba zan yi miki alkawari ba. Amma makin nawa ne, kuma ban taɓa ba ɗalibi irinsa ba." Ya karɓi makirfo ya faɗa wa jama'a abin da aka ƙi rubutawa a takarda: Ayuba ɗalibin kiɗa ne, kuma ya ci jarrabawarsa.

Dattijo yana nan a durƙushe, ba wanda ya ce ya tashi. Na ga kafaɗunsa suna rawa. Ko kuka ne, ko gwiwa ce, ban bincika ba. Na ce, "Yanzu a sa shi."

Ana tambayata ko na yafe. Ina ƙoƙari. Kullum da safe nakan fara, in kai tsakiya in tuna ƙarar tulun uwata a kan dakali, sai in ji yaron yana cewa a sake daga farko. Ina sakewa.

Ya Ubangiji, ka karɓi bawanka Ayuba, ka gafarta masa kurakuransa, har da gyaɗata. Ka ba shi wuri cikin mawaƙanka, in kuma akwai wanda ya sauka daga layi a can, ka yi haƙuri, zai faɗa. Ka ta'azantar da Saratu da ƙannensa, ka riƙe su da hannunka. Ka kiyaye 'ya'yan mutane a kan hanyoyin nan. Ka sa albarka ga abokan karatunsa, kada wani ya sake jin kunyar abin da ka sa a kunnensa. Dattijo kuma ka ba shi tsawon rai da lafiyar kunne, ya daɗe yana ji. Ni ma ka wanke zuciyata, amma ba sai yau ba. Cikin sunan Yesu, amin.

Maigida, sai mun sadu.

Amsar tambayata kuwa, tulu ne. Yana cikin coci yanzu, taku uku daga kujera ta biyu hannun dama, kuma ni nake buga shi kowace Lahadi.