Ƙafafu Ashirin da Takwas

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran mijin yayata, wanda kowa ke kira Injiniya. Ina ofis aka bugo mini. Na ce to. Na ƙarasa wasiƙar da nake bugawa, na rufe durowa, sannan na nemi mai raka ni bakin titi.

Injiniya, shekara shida ke nan da idanuna suka tafi. A lokacin ana ta shawarar a sallame ni daga aiki, don mai buga wasiƙu da ba ta gani ba ta da amfani. Kowa ya zo mini jaje. Kai kuwa da wata 'yar kwamfuta ka zo, faranti guda mai girman tafin hannu, ka ɗora yatsana a kan ƙafafunta, waɗannan siraran ƙarafa da ake jona waya a jikinsu.

"Ƙirga," ka ce.

Na ƙirga arba'in.

"Ashirin da takwas duk allon kallo ya cinye. Ke me za ki yi da allo? Gara mu ƙwace kayanmu."

Nufinka ka jona musu maɓallai da ƙananan ƙusoshin da ke tasowa su yi rubutun makafi a ƙarƙashin yatsa, in riƙa karanta abin da na buga. Sai dai na'urar ta riga ta ba allo waɗannan ƙafafu, dole sai an shiga tsarinta an ce ta sake su. Ranar da ka yi haka allon ya mutu, na'urar kuma ta ƙi tashi, ba ka da inda za ka ga kuskurenka. Ka yi dariya ka ce, "Ƙanwata, yau ni da ke ɗaya muke."

Mako uku kana zaune a teburin cin abincin Yaya, ƙaurin dalma ya cika falo, tana mita ka ƙone mata ledar tebur. Kana gwada ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina riƙe da waya a inda ka ajiye hannuna. Ashirin da bakwai suka saku. Ta ƙarshe ta ƙi, ashe fitilar bayan allon ce ke riƙe da ita. Kwana huɗu ta ci maka. Da ƙusoshin suka taso a ƙarƙashin yatsana, kalmar farko da ka turo mini ita ce "raguwa".

Ba a sallame ni ba. Ba ka taɓa gaya wa kowa kai ka yi ba. In an tambaya sai ka ce ai yarinyar ce da taurin kai.

Jiya na koma aiki. Maɓalli na uku ya fara sassautawa. Na lalubo wayata in kira ka, sai kuma na mayar da ita jaka.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna mahaifiyarka, da 'ya'yanka uku, da abokan aikinka na shago. Allah ya ba mu haƙurin rashi.

Yaya, na san kina kallon fuskata kina jira in yi kuka. Ki yi mini haƙuri. Bai zo ba tukuna.