Baba Tijjani Sakatare, Wanda Ya Zauna a Ƙofar Zalika

Allah da Ya ba mu aron ka Ya karɓi abinSa, mu ma can muka nufa. Ranar Talata, takwas ga Oktoba 2024, da hantsi, ina tsaye a gaban allo darakta ya leƙo ajina ya ce Malam Tijjani Munkaila, wanda duk garinmu ke kira Baba Sakatare, ya cika a asibitin Konni bayan jinyar kwana tara. Shekararka saba'in da huɗu. Aka kawo ka gida, aka yi maka sutura bayan la'asar, a daidai lokacin da mutane ke ta fama da yankan gero.

Baba, na yi niyyar in rubuta maka ta'aziyya mai sanyi irin wadda aka saba, a yabi mamaci, a yi addu'a, kowa ya shafa. Sau uku ina farawa ina yagewa. Raina a ɓace yake, kuma kai ba ka taɓa son a rubuta abin da ba shi ne ba.

Shekara talatin da ɗaya ka yi a buron rubuta haihuwa da aure na meri, wato ofishin magajin gari. Rabin mutanen ƙauyukan nan tsakanin Dogarawa da Malbaza, da hannunka aka fara rubuta sunansu a takarda, ni ma ina ciki. Duk shekara in jarrabawa ta matso, sai mu malaman lakwal, wato makarantar boko, mu tarar da rabin aji ba su da takardar haihuwa. Kai ne ke hawa tsohon babur ɗinka, wanda ake jin kukansa tun daga bayan gari, ka bi ƙauye ƙauye kana zama da iyaye mata kana tambaya: da damina aka haife ta ko da rani? Kafin rijiyar gari ta rufta ko bayan? Ba ka taɓa karɓar ko goro a kan wannan ba. Amma fa kana da taurin kai, wannan kowa ya shaida. In mutum ya zo ba shaidu biyu, ko ɗan maigari ne, sai ka rufe alƙalaminka ka sa a aljihu ka shiga tambayar sa lafiyar iyali. Mun sha yi maka tsiya cewa ko ruwan sama aka ce an yi, sai ka nemi wanda ya jiƙe.

Abin da ya sa nake wannan rubutu ya faru ne bayan Babbar Salla ta 2022, kana da shekaru da yin ritaya. Mata biyu ne a garinmu, Zalika mai waina a bakin kasuwa, da Wasila wadda mijinta ke ci-rani a Kwatano. Dukansu sun haura arba'in, kowace da ƴaƴanta. Lokacin da Zalika ta kwanta ciwo wata huɗu, Wasila ce ta yi jinyarta, ta riƙe mata yara, ta riƙe mata tanda don kada sana'ar ta mutu. Da Zalika ta miƙe, sai ta ga ba ta da abin da za ta saka mata da shi da ya wuce abin da iyayenmu mata ke yi a da, wato ɗaurin ƙawance. Ta aiki wata tsohuwa, Inna Aishatu, da goro ta nemi ƙawancen Wasila. Aka sa rana, suka ɗinka zane iri ɗaya, suka yi lalle, suka ci tuwo a ƙwarya ɗaya, mata suka yi guɗa. Cikin raha wata ta yafa wa Wasila mayafi a ka, aka yi dariya. Ma'anar abin ita ce daga ranar bikin ɗaya bikin ɗayar ne, makokinta ma haka, har mutuwa.

Wani ya ɗauki bidiyon abin da waya, bai kai minti ɗaya ba. Kwana biyu tsakani sai ga shi yana yawo da rubutu a ƙasa, wai mata biyu sun ɗaura aure a yankin Malbaza. Kafin mako ya zagayo ya kai Konni, ya kai Illela, ya tsallaka iyaka ya dawo mana da ƙarin gishiri. Nan take kowa ya zama lauya. A tasha, a wurin mai shayi, a shirin rediyon da ake bugo waya, magana ɗaya ce: can Najeriya doka ta yanka shekara goma sha huɗu ga masu auren jinsi, mu me muke jira? Wani ya ce ƙasarmu tana da doka, wani ya rantse ba ta da ita, wani ya ce Turawa ne suka turo kuɗin bikin. Duk cikin masu wannan fashin baƙi ban ji wanda ya ce bari in taka in tambayi matan ba, alhali gidan Zalika bai fi taku ɗari biyu daga masallaci ba.

Kada wani ya juya mini magana. Abin da addininmu ya ce a kan wannan al'amari sananne ne, ba wanda ya yi gardamarsa a garin nan, kai ma Baba ba ka yi ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne duk wanda ya haura hamsin a garinmu ya san ɗaurin ƙawance. Uwayensu sun yi, kakanninsu sun yi, wasunsu an yi a tsakar gidansu suna yara suna cin tuwon. Suka kalli bidiyon, suka gane abin da yake, suka ja bakinsu suka yi gum, don kowa na tsoron a ce yana goyon baya.

Ranar Juma'a ana sallamewa samari suka nufi gidan Zalika, wasu da duwatsu a hannu. Wasila ma tana ciki, ta gudo da ƙaramar ɗiyarta. Da suka iso sai suka tarar ka riga su. Ka sa an ɗauko maka kujerarka ta roba ka kafa ta a tsakiyar ƙofa, ka zauna, ka ɗora sandarka a cinya. Ina wurin, daga baya-baya nake tsaye, na ji abin da ka ce da kunnena.

"Wa yag ga ɗaurin aure cikinku? Shi matso in gane shi. Wa aw waliyyi? Wane liman yay yi fatiha?"

Ba wanda ya matso. Wani daga tsakiya ya ce ai bidiyo ya nuna. Ka ce, "Abin da kunka gani, uwayenku sun yi shi, ku tahi gida ku tambaye su. Ni shekara talatin da ɗaya ina rubuta aure, littahin gwamnati wuri biyu gare shi, na miji da na mata, doka ba ta san wani aure ba bayan wannan. Kuma ko da laihi anka yi, ba ku ne alƙalai ba. Ba ni tashi nan sai jandarma sun zo."

Haka ka zauna cikin rana fiye da awa biyu, da hawan jininka da komai. Da jandarmomi suka iso suka ɗauki matan, ka ce ƙafarka ƙafarsu. Ka sa aka ɗauko Inna Aishatu a bayan babur ta yi wa kwamanda bayanin goron da ta kai da abin da yake nufi. Kafin magariba aka sallame su, aka ce ba a same su da laifin komai ba. Ka dawo kana murna, kana zaton magana ta ƙare. A nan ne kawai na san ka yi kuskuren lissafi, Baba, don ka ɗauka mutane gaskiya suke nema.

Hukuma ta wanke su, gari bai wanke su ba. Zalika ta riƙa soya waina tana komawa da ita gida, waɗanda suka shekara goma suna karin kumallo a gabanta suka koma bi ta bayan kasuwa. Wata uku ta jure, sannan ta tattara yaranta ta koma wurin yayanta a Illela. Wasila kuwa mijinta ya aiko mata da saki ta saƙon murya, bai ko kira ya ji ta bakinta ba. Tana nan garin har yau a ɗakin mahaifiyarta. Ba ta zuwa famfo sai da tsakar rana, lokacin da zafi ya kori kowa. An raba ta da mijinta, an raba ta da ƙawar da aka yi abin dominta.

Kai ma ba ka tsira ba. Aka laƙaba maka suna, lauyan masu auren jinsi. Majalisar ƙofar gidanka, inda ake rasa wurin zama bayan la'asar, ta koma kai da rediyonka. A sahu mutum sai ya ga kai ne a gefensa ya tuna bai gama alwala ba. Mutanen da ka yi wa ƴaƴansu takardu kyauta suka riƙa amsa gaisuwarka da hanci. Ban taɓa jin ka yi ƙorafi a kan wannan ba. Abu ɗaya ka nema, shi kaɗai: wani mai faɗa a ji ya miƙe bayan sallar Juma'a, a wurin da abin ya taso, ya ce jama'a mun yi wa matan nan ƙazafi. Ka je wurin manyan gari ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce a bari hankula su kwanta, wancan ya ce tayar da maganar zai ƙara ɓata su, wani ya ce ai kowa ya riga ya gane. Ka miƙe da kanka sau biyu, mutane suka kwashi takalmansu kana tsakiyar magana. Shekara biyu kana wannan zarya, har ƙafa ta gaza.

Ranar jana'izarka filin bai ɗauki mutane ba. Na tsaya ina jin su, waɗanda suka ƙaurace maka, suna ta cewa an yi rashin mutum mai gaskiya, ba ya tsoron kowa sai Allah. Wallahi sai da na ji kamar in toshe kunnuwana. Wace gaskiya suke nufi, in ba wadda suka bar ka da ita kai kaɗai ba? Matata ta ba ni labarin cikin gida. Wasila ta zo gaisuwa ta tsaya a bakin zaure ta kasa shiga, matan da ke kusa suka janye tabarmarsu. Sai da mai ɗakinka, Hajiya Humaira, ta taso cikin takabarta ta kamo hannunta ta zaunar da ita a gefenta, ta ce mata, "Zamna nan ɗiyata, ke kin hi su hakkin kuka."

To, na zargi gari, saura ni. Bidiyon nan, ranar da ya shigo wayata, ni na tura shi zauren watsap na malaman lakwal, mu fiye da sittin daga Konni har Illela, har na ƙara da ƴar dariyata a ƙasa. Ni mai karatu, ni da ke koya wa yara kada su faɗi abin da ba su tabbatar ba, kuma ni da kakata ta rasu tana kiran ƙawarta ta ɗauri. Kuma ka san na tura, Baba. Wata rana da yamma na zo wucewa ka kira ni, ka ce, "Mushe Kamalu, an ce kai ma ka tura." Na sunkuyar da kai na ce haka ne. Ba ka yi mini faɗa ba. Cewa ka yi, "To waɗanda ka tura ma, ka koma ka hwaɗa musu ƙarya ta. Shi ke nan abin da ni ka so gare ka." Na ce in Allah Ya yarda gobe. Na rubuta saƙon ya fi sau goma ina gogewa, don ina tsoron sunan da aka sa maka ya dawo kaina. Duk sanda muka haɗu sai ka dube ni kawai, ni kuma in tsawaita gaisuwa don kada ka samu wurin tambaya. Har ka kwanta ciwo ban je duba ka a Konni ba, kunya ta hana ni.

Ga shi yau ina faɗa, da sunana, Kamalu Wada, malamin lakwal. Zalika da Wasila ba su yi aure ba. Ƙawance suka ɗaura irin na iyayenmu, muka shafa musu kashin kaji, kuma ina cikin waɗanda suka fara. Na tura wannan rubutu zauren da na tura bidiyon. Juma'a mai zuwa zan miƙe in karanta shi a ƙofar masallaci, mai kwasar takalmi ya kwasa. Na san wannan ba zai mayar wa Wasila da aurenta ba, ba zai dawo da Zalika bakin kasuwa ba, kai kuma da ka fi kowa son jin sa ba ka nan.

Allah Ya jiƙan ka Baba, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi. Yadda ka tsare mutuncin bayinSa ranar da kowa ya juya baya, Allah Ya tsare ka daga azaba, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Humaira, da ƴaƴanka Amadu da Zahara'u da Bushira, da jikoki da dangi baki ɗaya, Allah Ya ba ku haƙurin rashi, Ya sa albarka a abin da ya bari.

Ta'aziyyata ta ƙarshe gare ku ce, Yaya Zalika da Yaya Wasila, don ku ma uba kuka rasa. Ina roƙon ku yafe mini. In kun kasa, ba ku yi laifi ba.